Tsirkiya ta Uku

Biyar suna magana, ɗaya tana haɗiye tata.
Ta ukun ce. In Maite ta kaɗa ta,
sai amon ya leƙo kamar mai duba gari,
ya ga hadari, ya koma ɗaki.

Ranar Laraba muka saɓi jitar,
muka hau tudun Valparaíso, matakala ɗari da ɗoriya,
ita a gaba, ni ina haki a baya,
teku na watsa gishiri a kan duk abin da ake kira ƙarfe.

Shagon Griselda bai kai madafi girma ba.
Warin dalma, ƙamshin man katako,
kyanwa na barci a akwatin wata jita
da mai ita bai dawo ɗauka ba.
Ba ta tambaye mu komai ba.
Ta soka waya a lasifika, ta kaɗa, ta lumshe ido,
leɓenta na ƙirga: ɗaya, biyu.
Shiru.
Ta kaɗa ta huɗu, sai da ta kai tara.

Na ce, "Tsatsa ce. Iskar garin nan ko ƙusa ba ta ƙyalewa."
Ta ɗaura sabuwa fil, ta ja, ta saita.
Ɗaya, biyu.
Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Ta bi wuyan jitar da miƙaƙƙen ƙarfe,
gaɓa bayan gaɓa,
ko wata ta ɗaga kai ta fi 'yan'uwanta. Babu.
Ta leƙa tsagar ƙashin da ke can sama,
ta hure ƙura, ta goga bakin fensir a ciki.
Ta sauko kan jaki, ta bi shi da farce,
ko akwai kaifi, ko wani noti ya saki jiki
yana shanye amo a ɓoye.
Ta ɗaure abin da zai ɗauru.
Ɗaya, biyu, da ƙyar uku.

Sai ta karkata jitar wajen taga,
ta ƙanƙance ido tana auna wata 'yar tazara.
"Wa ya taɓa nan?"

Maite ta ɗaga kafaɗa.
Ni kuwa na dubi kyanwa.

Ni ne. Wani daren Asabar,
bayan na ji ta a wani ɗan zaure kusa da tashar jiragen ruwa,
ganguna sun danne ta, baki kawai nake gani da yatsu.
Tana barci na ɗauko sukundireba,
na ɗaga maganaɗisun nan da ke ɗaukar sauti
har ya kusa sumbatar tsirkiya,
don a ji 'yata har layin baya.

Griselda ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Kunne ne, amma yana da hannu.
In ya matso da yawa sai ya daina saurare, ya koma riƙo.
Ita tana so ta je ta dawo,
shi yana janyo ta tun ba ta kai ko'ina ba."

Murɗa biyu da rabi, ta nan, ta can.
Ta zura kwabbai biyu a tsakani, suka wuce.
Ta miƙa wa Maite.

Ɗaya, biyu, uku,
kyanwa ta motsa kunne,
bakwai, takwas,
amon ya fice ta taga, ya bi rufin kwano masu fenti,
sha ɗaya, sha biyu,
ban san inda ya sauka ba.

Kuɗin tsirkiya kaɗai ta karɓa.

A aljihun rigata akwai wasiƙa
daga makarantar kiɗa ta Santiago,
kwana tara tana nan, har ta ɗauki zafin jikina.
Muna saukowa, wajen matakala ta arba'in,
na ce gwiwata ta gaji, mu tsaya.
Na miƙa mata ina kallon jiragen ruwa.

Ta karanta. Ta sake karantawa.
Ta yi wata ƙara da tsuntsayen teku suka watse.

Na fara ƙirga a zuci.
Yau wata huɗu ke nan da tafiyarta,
ban kai ga shirun ba.