Goyon Tagwaye

A Porthkerris, can gaɓar Cornwall,
Morwenna ta baje kaya a bayan motarta:
farantin ƙarfe, igiyoyi, noti biyu masu kunne.
Ta ce, "Zaɓi."

Shekara huɗu ina nutso da tulu ɗaya.
Ɗamara biyu, a ja, a danne, shi ke nan,
ya kwanta a gadon bayana
kamar ɗan fari mai barci.
Da shi na ga kaguwa, na ga ciyawar ruwa na rausaya,
da shi kuma na juyo
saura ƙiris in taɓa jirgin da ya nutse,
allurar agogo na cewa: koma, Kubura, koma.

Yau tagwaye ne.
An ɗaure su da zoben ƙarfe, bututu ya haɗa bakinsu,
numfashi ɗaya, famfo uku.
Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara.
Tsakuwa ta nutse a ƙarƙashina.

"In ɗaya ya yi yoyo fa?"
"Kai hannu ƙeya ki rufe shi.
Ɗan'uwansa zai kawo ki gida."
Na kai. Kafaɗa ta ƙi.
Na sake. Da ƙyar yatsa ya dangwali famfon
ta cikin safar roba.

Inna ta goyi ƙannena biyu, ɗaya a baya, ɗaya a kwiɓi,
ba wanda ya koya mata.
Ita nake tunawa har ruwa ya kawo ƙirji,
sai teku ta karɓi goyon
ba ta ko tambayi sunansu ba.