Silanda ta Uku

Pijon Malam Nomau ta shigo da hantsi
tana tari kamar wadda ta kwana a buhun tonka.
A kan hanya lafiya lau, in ji shi,
daga Badagishiri har Tawa ba ta yi gardama ba.
Sai an tsaya bakin kasuwa jikinta ke ɗaukar ɓari,
madubi na rawa, makullai na kaɗa junansu,
ta faɗi uku ta haɗiye ɗaya,
ta faɗi uku ta haɗiye ɗaya.

Maigidana Arzika bai ce uffan ba.
Shekara biyu ke nan kunnensa na hagu ya rufe shago,
na daman ma sai an ɗaga murya.
Da can turnabis yake kafawa a jikin inji,
ya manna ƙotar a kunne,
ya gaya maka ciwon tun ba ka gama sallama ba.
Yanzu finjalin shayi yake ɗorawa a gefen mota,
ya tsura wa ruwan ido.
Shayin ya yi zobe, ya yi zobe, ya yi zobe, ya zabura.

Ya ce, Kadiri, cire wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya.
Na cire ta fari, inji ya kusa shiɗewa.
Ta biyu ma haka.
Na cire ta uku, ko a jikinsa.
Ya ce, ka gani? Wanda ya tashi ba a yi kewarsa ba,
da ma ba ya cikin aikin.

Na kwance bujin, kansa baƙi, jiƙe da mai.
Na goge, na daidaita bakinsa, na mayar.
Ta faɗi uku ta haɗiye ɗaya.
Muka ɗora laifin kan man kwalba na bakin titi,
na tsiyaya a tafin hannu, babu ruwa, babu yashi.
Na buɗe karbirato, na hura jiglar da bakina,
har la'asar ina tofar da ɗacin esansi.
Na bi robobi da yatsa ko wata na satar iska,
na juya hular delko a rana ina neman tsaga.
Babu.

Malam Nomau ya ƙirga jikkunan aljihunsa sau biyu,
ya ce ko dai fistan ne?
Muryarsa ta yi ƙasa a kan kalmar.
Maigida ya ce a jira dare.

Bayan isha'i ya sa na kashe ƙwan gareji,
ya hana kowa kunna tocila.
Na tayar da ita cikin duhu, muka leƙa.
Sai ga ta:
'yar wuta shuɗiya, siririya kamar zaren kaba,
tana tsalle daga gindin waya ta uku zuwa ƙarfe,
ƙyas, ƙyas,
tana zubar da abin da aka aike ta da shi
taku ɗaya kafin ƙofar gida.

Na ji ƙarar sarai. Shi bai ji ba.
Amma ya riga ni nuna wurin da ɗan yatsa,
yana dariya, haƙoransa biyu na haske.

Waya ɗaya, tsohuwa, daga cikin kwalin tarkace.
Malam Nomau ya biya, ya ƙara goro.
Inji ya zauna kamar mage a cinya.
Maigida ya sake ɗora finjalin,
shayin ya kwanta, fitilar titi ta zauna a cikinsa.

Da zai sauke, na ga hannun nasa.
Shayin ya yi zobe, ya yi zobe, ya zabura.
Motar kuwa ta riga ta kai kwana.
Na kawar da kai, na hau tattara sifanu.