Mai Sauraron Kifi a Terengganu

Pak Jusoh ba ya sakin taru
sai ya tambayi teku.
Hannu ɗaya a gefen kwalekwale,
ya nutsa har gashin kansa ya ɓace,
ya kasa kunne.

Ran da ruwa yake garai-garai
tun daga nesa yake jin garke:
wani kifin na ƙugi kamar cikin mai yunwa,
wani na ƙas-ƙas kamar gyaɗa a kasko.

Bana damina ta wanke jar ƙasar tudu,
kogi ya kwaso ta, ya amayar a bakin teku.

Yau ya shiga ruwa mai kama da kunu.
Muryar ta taso daga ƙasa, ya san ta taso,
sai dai duk ƙwayar lakar da ta ci karo da ita
sai ta gutsiri rabonta.
Wannan ta watsa kaɗan gefe,
waccan ta haɗiye kaɗan, ta mai da shi ɗumi,
ɗumin da ko fata ba ta ji.
Siririyar murya ce ta fara mutuwa a hanya.
Mai kaurin ta ja jiki, ta ja jiki,
ta iso kamar sallama daga ƙetaren kogi.

Ya ɗago, furfura na ɗiga.
Mutum tara na jiran inda yatsansa zai nuna.
Ɗansa Ramli ya ce, "Baba, babu ne?"

"Akwai. Suna ta magana.
Hanyar ce ta cika da masu karɓar kuɗin fito."
Ya kakkaɓe kunne, ya tofar da gishiri.
"Tayar da inji. Mu je inda ruwa ya koma shuɗi."