Turken Mamari

Na sauka Yawuri ran Laraba da jakar takardu.
Baba Jatau na kwata, ƙafa ɗaya cikin ruwa,
yana warware mamari, ƙugiya bayan ƙugiya.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Gwamma, shekara tara ke nan,
har yau ba ki gama ƙirga ba?"

Na ce, Baba, ba ƙirga nake yi ba,
siffar lambobi nake nema.

Ya yi dariya har dalmar da ya ciza ta faɗi.
"Lamba na da siffa? Ta tarwaɗa ko ta karfasa?"

Na kama bakin igiyar, na ce, irin ta wannan.
Ƙugiyar fari sunanta Biyu,
mai bi mata Uku, sai Biyar, sai Bakwai,
Sha ɗaya, Sha uku, can gaba Sha bakwai,
masu taurin kai, waɗanda ba sa kasuwa daidai.
Tazararsu ba ta bin taƙi, ba ta bin kamu,
igiyar kuma ba ta ƙarewa ko ka tuƙa har teku.

Sauran lambobi ruwa ne mai bi ta kansu.
Kawo kifi sha biyu.
A raba wa mutum biyar, biyu sun rage.
A raba wa bakwai, biyar sun rage.
A raba wa uku, kwando ya koma wayam.
A raba wa biyu, wayam,
kason kowa ya sake rabuwa biyu, wayam.
Kowace ƙugiya ta riƙe ɗan abin da ta sani.
Amma duk cikinsu ba wadda ta san
sha biyu ya fi biyar nauyi a kai.
Wannan sai wata ƙugiya guda, can ƙarshen da babu,
mu muke ɗaura ta da hannunmu,
ita ce sikeli. Da ita igiyar ke rufewa.

Ya tsame ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon gungu.
"To ɗiyata, kowane mamari da turkensa.
Naki, a mi aka ɗaure shi?"

Nan fa bakina ya mutu.
Tambayar ce ta cinye min shekara tara,
ta cinye wa waɗanda suka fi ni gashin kansu.
Na ce, muna zaton akwai wata ƙasa ƙarƙashin lambobi,
fili mai abu ɗaya tak a cikinsa.
Ƙa'ida ta ce irin wannan fili ba ya yiwuwa.
Lissafi kuwa yana ta fitowa daidai
kamar dai yana nan.

"Ashe baƙin ruwa ne ya zo muku," in ji shi.
"In ya cika, turke nutsewa yake,
wata uku ba mai ganin kansa.
Ba ka rantsuwa babu shi. Igiya kake taɓawa,
ka ji ta ina take ja."

Ya jawo tsohon taru ya shimfiɗa a cinyata.
"Wanga ba zare ba ne, huda ce aka kewaye.
Idonsa nake dubawa in san kifin da zai ci."
Na ce, mu ma haka. In abu ya fi ƙarfin ido
sai mu ƙirga hudojinsa, hawa-hawa,
mu san shi ta wurin da babu shi.
Tarun lambobi ne har yau ba a saƙa ba,
ga allura, ga zare, ba inda za a kafa ƙullin fari.

Ana kiran magariba a Tondi.
Ya miƙo min bakin mamarin, ya shiga jirgi.
"Riƙe, kar ki saki."

Takarduna sun jiƙe a gindin jaka, ban duba ba.
Filafilinsa ya yi nisa har na daina jin sa.
Igiyar ta miƙe, ta yi tauri a tafina,
wani abu da ban gani ba
yana ja daga ƙasa.