Dokin da Ya Faɗo Daren Jiya

A Jiexiu, da ruwan sama ya ɗauke,
tsohuwa Kang Yuzhi ta sa aka jingina mata tsani.
Shekara saba'in da ɗaya, gwiwa tana ƙara,
amma dabbobin rufin nan ba mai taɓa su sai ita.

Jikanta Shouren ya riƙe ƙafar tsani yana ƙirge:
mahayin tsuntsu a gaba,
sai dodo, sai sarauniyar tsuntsaye, sai zaki,
sai gurbi,
sai dokin teku shi kaɗai a baya kamar maraya.

Na gurbin yana cikin kwando:
doki mai fiffike, kore shar, wuya a karye,
ƙyallinsa ya tsattsage kamar tafkin da ya ƙafe.

"Ba a barin su huɗu," in ji ta daga sama.
"Uku, biyar, bakwai. Mara ake so, ba cika ba.
Rawaya ta fada ce, mu kore ya ishe mu.
Dubi can ƙarshen tozo:
kifi mai kan dodo ya cika baki da rufi,
an soka masa takobi a gadon baya
don kada ya tuna da teku ya gudu.
Ɗan ruwa aka ɗaure a sama, wuta ta gani ta kauce."

Yaro ya yi dariya. "Kaka, kin yarda da wannan?"

Ba ta amsa ba.
Ta sa yatsa a gurbin, ta zaro ƙusa,
tsatsa ta cinye ta saura ƙiris.
"Ga abin da yake ɓoyewa.
Shekara ɗari uku yana shan ruwa a madadinta,
ita kuwa tana riƙe da dukan layin.
Kai ka zaɓi wanda za ka kira mai gadi."

Da ta sauko ta kifa dokin a tafin hannu.
A cikinsa, inda fenti bai kai ba,
ga shatin babban yatsan wani
da ya danna yumɓu tun yana ɗanye.
Ta ɗora nata a kai. Ya yi mata yawa.

Sama can, a bakin gaɓa, mahayin tsuntsu yana nan,
gabansa iska, bayansa namun dawa,
ɗigon ruwa na lilo a haɓarsa.

"Hura wutar matoya," ta ce. "Kafin damina ta dawo."