Zanen Jan Biro a Bayan Kwali

Shekara goma sha ɗaya ina bayan kantan nan,
'yar farmasi ce a bakin titin Mokoyo,
fanka ɗaya, da firji mai tari kamar tsoho,
da jan biro na ɗaure da zare don masu aro.
Ni ba likita ba ne,
nawa dai in miƙo magani.

Rubutun likita, sai Allah sai mu.
In karɓi ordonas in kai ta haske,
in ja zane a bayan kwali:
ɗaya in an sallame Asuba,
ɗaya in inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa,
ɗaya bayan tuwon dare.
Ko wanda bai taɓa taka lakwal ba
yana karanta wannan da gani.

Gulbi ya kawo ruwa, sauro ya kawo dangi.
Barira ta shigo da goyo,
jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu.
Na ce, kwana uku cur, kar ki rage,
ko da ya tashi yana bin kaji ran na biyu.
Ta ce to.
Na san irin wannan to ɗin:
rabi zai kwana a ƙasan kwalla,
ajiyar ƙanensa, ko ta wani.

Ɗan-Tani mai kabu-kabu, gyambon ciki,
shayi mai ɗaci ne karin kumallonsa.
Ya zube jikka guda da 'yan daloli,
ya dafa takarda mai layi uku,
ya ce, a cikinsu wanne ya fi gaggawa?
Wannan tambayar ba a koya mana ita ba.
Har yau in an yi ta, sai ta sare ni.

Amma Nomau tela nake son faɗi.
Kowane biyar ga wata, ga shi da tsinken zare a hula:
Yaro, ba ni 'yan fararen nan.
Shekara huɗu bai saɓa ba,
sai wata ya wuce, wani ya bi.
Na tarar da shi a rumfa, keke na gudu,
ya ce, kai ya bar ciwo, jiri ya tafi,
wa ke riƙe da lema a tsakiyar rani?

Na ce, Baba, wannan ciwon gara ne,
ba ya sallama,
azara tana nan tsaye, cikinta ya zama gari.
Ya yi dariya, ya auna kafaɗata da ido,
ya ce, rigarka ta matse, kawo ta in buɗa.
Na yi dariya ni ma, na tafi.
A nan na bar zancen hawan jini.

Sati shida, sai ga ɗiyarsa Harira
da takarda mai layi bakwai.
Na rufe kanti na bi ta Bagalam.
Hannun da ya riƙe almakashi shekara arba'in
yana kwance a tabarma kamar na aro.
Baki ya karkace, ido bai karkace ba.
Ta jawo aljihun keke tana neman katin asibiti,
ga kwalin nan tsakanin kwarkwaro da maɓallai,
ƙwaya takwas a ciki,
da zanena ja, shi kaɗai, yana kallo ni.

Daren nan, bayan na ja ƙofar ƙarfe,
na naɗa awon a damtsena na matsa.
Lambar da ta fito ba baƙuwa ba ce,
manjo ya faɗa min ita tun kaka,
ya rubuta, na ninke, na sa a aljihu.
Na ɗauko kwali daga kanta ta uku,
na saka kuɗin a akwati kamar kowa,
na jawo biron iyakar tsawon zarensa.
Zane ɗaya, in an sallame Asuba.
Hannuna ya ɗan yi rawa,
ya fito a karkace, na bar shi haka,
tunda mai karantawar ni ne, ni.