Kilo Ashirin da Uku

Shekara talatin ina awon barkono a Kasuwar Dole,
ban taɓa tauye wa kowa ba.
Yau na ɗauko sikeli na kawo tsakar gida
zan auna akwatin 'yata.

Kilo ashirin da uku, Hurera,
haka masu jirgin suka yanke.
Ba su san ragi ba, ba su san gyara ba,
ba a ce musu albarka a sake tayawa.
Ga allura ta tsaya kan talatin da ɗaya.
Jawo tabarma. Sai mun fidda takwas.

Atamfa turmi shida!
Biki za ki ko karatu?
Ɗauki biyu, wanda kika saba da su.
Ga kuma ɗan turmin daka da gwaggonki ta cusa,
har da taɓarya.
Fidda shi a hankali, kada ta gani,
zan ce mata ni na manta.

Rigar sanyi guda ta isa hanya.
Sauran ki saya can,
su suka san irin sanyinsu.
Takalmi kuwa, wanda ya riga ya san ƙafarki,
sabo cizo yake a baƙon wuri.

Fasfo, biza, takardar makaranta,
waɗannan ba su kwana a akwati.
Ga jakar fata na karɓo wajen dukawan Birni,
rataya ta, mayafi ya rufe.
Kowace takarda na yi mata fotokofi,
ɗaya gare ki, ɗaya cikin gwangwanina.
Kin tuna Ilu ɗan Tsahara?
Shi ya sauka wata ƙasa, kayansa suka sauka wata,
kwana goma sha biyu yana wanke riga guda.
Don haka canjin kaya ɗaya a jakar hannu,
da caja, da maganin ciwon kanki,
da lambata a rubuce da biro,
don salula tana mutuwa.

Kuɗi kada su zauna wuri guda.
Raba uku.

Kuka ki tafi da ita, ba ta da nauyi.
Busasshen kuɓewa, da yajin da uwarki ta daka.
Daddawa a ƙulle ta leda uku,
in ba haka ba littattafanki za su yi warin miya
har ranar jarrabawa.
Man shanu a'a, zai tsiyaye.
Kilishi ki cinye shi cikin kar
tun kafin ku kai Dosso,
an ce masu bincike karɓewa suke,
ban saya don su ba.

Ilimin ruwa kika ce za ki karanta.
To.
An ce can famfo ba ya ɗaukewa.
Ran da kika murɗa ya zubo da ƙarfi,
ki tuna layin bido a Garin Malam,
da ke da ƙanwarki ƙarfe uku na dare
kuna jiran ɗigo.
Wannan ba ya hawa sikeli.
Tafi da shi duka.

Ki bar gurbi kaɗan a kusurwa.
Mai tafiya karatu ba ya dawowa da abin da ya tafi da shi kaɗai.

Ɗora mu gani.

Ashirin da uku da rabi.

Na tura hannu ƙasan kaya, na taɓo rabin:
tsohon zanen uwarki ne, mai ruwan bula,
wanda ta goya ki da shi,
ta naɗe turaren wuta a ciki.
Tana can bakin murhu, ta ba mu baya,
tana hura wutar da ta riga ta kama.

Na dubi allura. Na dubi zanen.
Na sa babban yatsa ƙarƙashin faranti
na ɗan ɗaga.

Ashirin da uku cif, Hurera.
Rufe akwatin.
In sun yi magana a Yamai,
sai ki yafa shi a kafaɗa.